Kwanon da Ya Dawo a Cike

Karatu: Yohanna 6:1-13; Romawa 14:1-6

Akwai tambayoyi biyu da sukan taso a gidajenmu lokacin cin abinci, ko da ba a furta su da baki ba. Ta farko ita ce: abincin da na saya da kuɗina, in na zubar da ragowarsa, wa na cuta? Ta biyu kuwa: wanda yake ci daga tukunyata, me zai hana shi cin abin da kowa yake ci? Ta farko takan zo wa wanda ya ƙoshi. Ta biyu takan zo sa'ad da ɗa, ko mata, ko tsoho a gida ya ce ya bar cin nama. A ido kamar ba abin da ya haɗa su, amma tushensu ɗaya ne, wato kalmar nan "nawa". Abincina ne, gidana ne, tukunyata ce. Bari yau mu auna wannan kalma a gaban Allah.

Ku fara da tumatirin da kuka sayo a kasuwar Tarauni. Wani manomi a Kadawa ko Kura ya yi renonsa, ya dasa, ya ba shi ruwan da ya gangaro daga madatsar Tiga. Wasu sun tsinke shi cikin rana, wasu sun ɗora kwandunan a mota, wani ya sauke a 'Yan Kaba, wani ya kasa shi a faifai. Kuɗin da kuka miƙa sun biya ɗan tumatirin, amma ba ku ne kuka aiko da rana ba, ba ku ne kuka sa iri ya tsiro ba. Abin da ya iso kicin ɗinku amana ce da ta bi ta hannuwa da yawa, mai amanar kuwa Allah ne. Wanda aka ba riƙo ba ya cewa "in na ga dama".

Kada mu ɗauka zubar da abinci halin masu kuɗin Turai ne kaɗai. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, a ƙasashen masu hali da na talakawa duka. A nan gida kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kwanon shinkafa ya koma, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Duk da haka, ku bi lungunan Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da sassafe ku duba bola da bakin kwata. Za ku ga shinkafa, za ku ga taliya, za ku ga malmalar tuwo. A layi ɗaya wani ya zubar, a layin nan kuma wani ya kwana da yunwa.

Ku lura da abin da Ubangijinmu ya yi a hayin tekun Galili. Da gurasar sha'ir biyar da kifi biyu na wani yaro ya ƙosar da maza wajen dubu biyar. Wanda yake da ikon yin haka ba ya tsoron abinci zai ƙare masa gobe. Amma da kowa ya ƙoshi, sai ya sa almajiransa su bi su tsince gutsattsarin, har suka cika kwanduna goma sha biyu. Me ya sa mai iko irin wannan zai damu da ɓarɓashi? Domin darajar abinci tana wurin wanda ya bayar da shi. Ya riga ya yi godiya a kan gurasar nan kafin a raba, abin da aka yi godiya a kansa kuwa ba a barinsa a tattake. Mu ma kullum mukan rufe ido mu sa albarka a kan kwano. To, ina albarkar take zuwa sa'ad da muka juye rabinsa a bola?

Wani zai ce, "Ai karamci ne. A Kano ba a dafa abinci daidai baki, domin ba ka san wanda zai yi sallama ba." Wannan gaskiya ne, hali ne mai kyau kuma, kada mu yar da shi. Yesu kansa bai ciyar da taron da ƙwauro ba, sai da aka sami ragowa. Bambancin yana ga inda ragowar ta nufa. Yalwar da take da wanda ake nufi da ita, baƙo ko maƙwabci ko karin kumallon gobe, karamci ce. Yalwar da aka yi domin kada a ce gidan wane ba su da shi, nunin arziki ne, ƙarshenta kuma bola. Iyayenmu sun san wannan. Tuwon dare yakan zama ɗumame da safe. Ƙanzon tukunya a shanya, a jiƙa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Tumatir in ya yi araha a yanka a busar, kuɓewa ma haka, ɓawo da dusa kuma na awaki ne da kaji. Ba su yi karatun tattalin arziki ba, amma sun ji tsoron Allah a kan hatsi.

Yanzu mu zo ga tambaya ta biyu. A gidaje da dama akwai wanda ba ya cin nama. Wani likita ne ya hana shi ko ya ce ya rage. Wata tun tana ƙarama ranta ba ya so. Wani ya keɓe kwanaki domin neman fuskar Allah, yana cin ganye da hatsi kaɗai, kamar yadda da yawa a cikinmu sukan yi a farkon shekara. Wani kuma ya yi tunani ya ga zuciyarsa ba ta kwanta da yanka dabba domin cikinsa ba. A garin tsire da balangu da kilishi, irin wannan mutum yakan zama abin tsokana. A ce masa mai iyayi, a ce ya kwaso al'adar wasu, a tsoma masa tsoka a miya "ko zai dawo hankalinsa". Shi kuwa ya ɗan taɓa gefen tuwon ya ture. Kwanon ya dawo a cike, uwargida ta ji haushi, abincin ya kwana, da safe a zubar.

Kun ga inda tambayoyin biyu suka haɗu? Wani abincin da ake zubarwa a gida ba ƙoshi ne ya jawo ba, rashin sauraron juna ne. An dafa wa mutum abin da ake so ya ci maimakon abin da zai iya ci. Kwanon da ya dawo a cike yana ba da shaida cewa akwai maganar da ba a yi ba, ko an yi ba a ji ba.

Wannan rigima ta girmi Kano ta yau. A ikkilisiyar Roma akwai masu cin kome, akwai kuma masu cin ganye kaɗai saboda lamirinsu. Manzo Bulus yana da nasa ra'ayi a kan abinci, bai kuwa ɓoye shi ba, amma bai tilasta wa kowa ba. Ya ja kunnen ɓangarorin biyu, kowanne a kan zunubin da ya fi kusa da shi. Mai cin nama, jarabarsa reni ce. Wanda ba ya ci, jarabarsa hukunta wasu ce. Hujjar manzon ita ce dukansu bayin Ubangiji ɗaya ne, dukansu kuma suna gode wa Allah a kan abin da ke gabansu. A nan ma kalmar "nawa" ta faɗi. Ɗan nan da kuka haifa, matar nan da ka aura, suna zaune a gidanka, amma lamirinsu ba mallakarka ba ne.

Za a ce, "In muka biye wa kowa, sai an ɗora tukunya biyu kullum, ga tsadar gas da gawayi." Ba sai an kai ga haka ba. Ke uwargida, ki haɗa miyarki da daddawa da kayan miya, ki dafa naman da romonsa a gefe. Ki fara ɗebar wa wanda ba ya ci, sa'an nan ki juye naman a sauran. Wuta ɗaya ce, miya ɗaya ce. Ku kuma tuna cewa girkinmu cike yake da abincin da tun asali bai san nama ba: ɗanwake, garau-garau, alala, ƙosai, awara, dambu, kwaɗon zogale da na rama, miyar taushe da kabewa da gyaɗa. In gida duka ya ci irin waɗannan kwana biyu ko uku a mako, ba wanda aka ware, aljihun maigida ma ya huta. Ku tambaye shi dalla-dalla: kifi fa? ƙwai fa? nono da man shanu fa? Wanda ya bar waɗannan duka, ko wanda ciwo ne ya sa ya bari, ya nemi shawarar likita a kan abin da jikinsa yake bukata. Tambaya ita ma ƙauna ce.

Kai kuma da ba ka cin nama, akwai naka nauyin. Ka dubi Daniyel a fādar Babila. Da ya ƙudura ba zai ci abincin sarki ba, bai jira an kawo akushi ya ture ba. Ya je tun da wuri ya roƙa da ladabi, ya kuma lura da tsoron wanda aka ɗora wa kula da su, ya kawo shawarar a gwada su kwana goma da ganye da ruwa. Kai ma ka faɗa kafin a ɗora tukunya. In za ka ci a waje, ka sanar. Kada ka mai da wurin cin abinci wurin wa'azi, kada ka yamutsa fuska don ƙanenka yana gaigayar ƙashi. Sa'ad da maƙwabta suka aiko da naman layya, ka karɓa hannu bibbiyu ka yi godiya, ka miƙa wa masu ci. Zumuncin da ke cikin kwanon naka ne ko da naman ba naka ba ne.

Ragowar da ta samu duk da wannan fa? Ku yanke mata shawara tun tana da zafi. A bazarar Kano, ga rashin tabbas na wutar lantarki, shinkafa da wake da miyar gyaɗa ba sa jiran kowa. Abin da za a ci gobe a tafasa shi sosai a rufe. Abin da ba za a ci ba a fitar da shi yanzu. Rut, da ta ci ta ƙoshi a gonar Bo'aza, ta adana abin da ya rage ta kai wa surukarta Na'omi a ranar. A ƙofar gidajenmu akwai yara masu kwano a hannu, akwai mai gadi, akwai gwauruwa, ga masu jinya da suka zo daga nesa suna kwana a Asibitin Malam Aminu Kano, nan kusa da mu. Amma ku ji wannan da kyau: abincin da ya yi tsami, wanda ba za ku ba ɗanku ba, in kun miƙa wa yaron wani ba kyauta kuka yi ba, kun mai da cikinsa bola ne. Ku bayar tun abin yana da daraja, cikin kwano mai tsabta.

Littafin Karin Magana, sura 15 aya 17, ya ɗora kwano biyu a ma'auni, ɗaya na ganye a gidan da ake ƙaunar juna, ɗaya na naman kiwatacciyar dabba a gidan da ake gaba, ya ce na ganyen ya fi. Ku tambayi kanku a daren yau wanne ne ake ci a gidanku.

Abin yi a wannan mako: Kwana bakwai ku lura da abin da ake zubarwa a gidanku, ku gano kwanon wa yake dawowa a cike. Sa'an nan ku zauna da shi ku tambaye shi dalili, ku saurara har ya gama.

Addu'a: Ya Uba, mai ba mu abincin yini, ka gafarta mana reni, na abinci da na juna. Ka koya wa hannuwanmu awo, ka koya wa kunnuwanmu sauraro. Ka sa abin da ya rage a tukunyarmu ya isa ga mai jin yunwa tun yana da kyau. Bari mai cin nama da mai cin ganye su zauna a tabarma ɗaya suna yi maka godiya. A cikin sunan Yesu. Amin.