Kyanwar Dubu Ɗari Uku

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan ƙanwata da ke aiki a Abuja ya shigo gidanmu nan Wambai riƙe da wani ɗan keji. A ciki 'yar kyanwa ce fara fat, gashi buzu-buzu, hanci a lotse kamar an danna shi da yatsa. Ya ce irin ta Farisa ce, amaryarsa ya saya wa. Da na tambayi kuɗinta sai ya sosa ƙeya, ya ce, "Kawu, dubu ɗari uku." Uwargida ta saki salati. Ta ce a gidan nan kaɗai mage ta haihu sau biyu bana, har roƙon maƙwabta muke su zo su ɗauka.

Ni ma abin da ya fara zo mini ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ke nan wannan 'yar halitta ta lashe albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikaci har da ɗori. Kuma kowa ya san yadda tukunya ta koma a wasu gidajen unguwar nan tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Sai dai da na kwana da maganar, na ga akwai son kai a cikin mamakinmu. Mu ne fa muke zuba kuɗi a tantabarun ado da ba a yankawa, mu ne muke kewaye dokin hawan Sallah muna yaba mai shi, ba wanda ke lissafa masa buhun dusa. Abin da ya dame mu game da kyanwa shi ne ba mu saba sayenta ba. A wurin Bahaushe kyanwa kyauta ce, yaro ake aika ya ɗauko ta a kwali. Al'adar kuwa tana da tushe: a Sahihu Muslim an ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah (SAW) ya tsawatar game da kuɗin kare da na kyanwa. Ibn Hazm ya ɗauki wannan a matsayin haramci. Mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun halatta sayar da kyanwar gida, Imam Nawawi kuma ya fassara hanin da kwaɗaitar da mutane su riƙa ba juna ita kyauta. Wanda ya guje wa sayen ya bi hanya mai aminci, amma ba zan ce yaron nan ya ci haram ba.

Da na matsa masa ya faɗa mini inda kuɗin ya tafi, a nan na fara jin abin da ban sani ba. Ya ce wani ya yi masa tayin irinta a waya a kan dubu tamanin, 'yar sati biyar, a kawo masa har tasha. Matar da ya saya a wurinta kuwa ta ƙi sakinta sai da ta cika sati 12 tana tare da uwarta. Ta ba shi katin rigakafi da shaidar maganin tsutsa, ta nuna masa uwar da inda take kwana. Ta ce an gwada iyayen saboda wani ciwon ƙoda da irin Farisa ke gadar wa 'ya'yansu. Sau ɗaya take barin uwar ta haihu a shekara. Har tambayarsa ta yi ko akwai wanda zai riƙa taje mata gashi kullum, ta ce in ya gaza ya mayar mata da ita, kada ya yar.

To, mai dubu tamanin ta ina ya rage? Cikin kyanwa wata biyu ne da 'yan kwanaki, in ana so sai ta haihu sau uku a shekara. A raba ta da 'ya'yan tun ba su gama shan nono ba, a tsallake likita, a sake haɗa ta da muzuru. Muna cewa araha ba ta ado, amma wannan arahar ta wuce rashin ado: akwai mai biyan cikon, ita ce uwar da ke kulle a keji a bayan wani gida. In dai saye za a yi, ni a ganina mai tsadar ce ta fi gaskiya, domin ta ɗora wa mai sha'awa nauyin sha'awarsa.

Duk da haka raina bai kwanta ba. Hancin nan da ake biyan kuɗi dominsa, mutane ne suka yi ta zaɓen iri har ya lotse, shi ne kuma ke sa da yawansu numfashi da ƙyar, ido kullum yana zubar da ruwa. Mai kiwo komai kirkinta ba ta iya gyara wannan. Ga gashin da ya fi dacewa da ƙasar sanyi, an kawo shi zafin watan Maris na wannan yanki namu, ga wutar lantarkin da kuka sani. Matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda kyanwa, ba a ambaci yadda ta same ta ba. Tsarewa ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Kyanwar da aka kula da ita tana iya kai shekara 15, kuma irin wannan ba ta iya fita ta kama ɓera ta rufa wa kanta asiri kamar tamu.

Na ce masa, "Ɗana, dubu ɗari ukun nan kafin alƙalami ne. Ka lissafa abincinta da likitanta na wata?" Ya ce ya lissafa. Na ce, "Abin da kake aiko wa mahaifiyarka fa, zai ragu?" Ya yi shiru, sannan ya ce ba zai ragu ba. Na ce zan tambaye ta ƙarshen wata.

Da zai tafi, uwargida ta biyo shi zaure da ɗaya daga cikin 'ya'yan magenmu, wata mai zane-zane, a cikin kwalin taliya. Ta ce ya haɗa, ta taya baƙuwar zama. Ya ce sai ya tambayi amarya. Har yanzu kwalin yana nan bakin zaure, 'yar kyanwar kuwa ta koma wurin uwarta.