Harbi A Wutsiya Ya Fi Kuskure?

'Yar uwa, na san kin sha jin wannan karin magana a bakin manya, wai harbi a wutsiya ya fi kuskure. Ma'ana dai ko yaya mutum ya samu, ya fi ya tashi a tutar babu. A wajen sana'a ko neman ilimi maganar tana nan daram. To amma ita dabbar da aka harba a wutsiyar fa, wa ya taɓa jin ta bakinta? Wannan tambaya ce za ta kai mu yau har yammacin Amurka, cikin duwatsun Roki, inda har gobe akwai mutanen da ke ajiye bindiga a gida su ɗauki kwari da baka su shiga farauta.

Abin da suke nema wani naman daji ne mai suna elik. Ki ƙaddara gwanki ne, sai dai ya ɗara shi jiki, domin namiji yakan wuce kilo 300. Ƙahonsa rassa-rassa ne kamar bishiya, kuma kowace shekara sai ya zubar da shi wani sabo ya fito. A jihohi irin su Kolorado da Montana watan Satumba ne lokacin masu baka, kuma shi ne lokacin barbararsu, sa'ad da mazan ke wani irin kuka mai tsawo kamar busar sarewa, ana jiyo shi daga wannan tsauni zuwa wancan.

Mai bindiga yana iya harbi daga nisan mita 300, dabba ba ta ma san da shi a duniya ba. Mai baka kuwa dole sai ya matso kamar mita 30 ko 40, kusa ƙwarai har yana jin numfashinta. Ga shi kuma hancin elik ba ya kuskure warin ɗan Adam. Saboda haka sai maharbi ya karanci iska: da sassafe tana gangarowa daga kan dutse zuwa kwari, idan rana ta ɗaga ta yi zafi sai ta juya tana hawa. Ya yi kwana bakwai yana hawa da sauka a tudun da ya kai mita 3,000, inda numfashi kansa aiki ne, iska ta juya sau ɗaya tak, shi ke nan garke ya watse. Mafi yawansu haka suke komawa gida hannu rabbana. Lallai kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Su masu wannan farauta suna cewa ita ce ta adalci, tunda an bai wa dabba damar tsira. Ni dai ban karɓi maganar ɗungurungum ba. Na farko akwai yaudara a ciki, domin maharbin yakan sa wani ɗan abu a baki ya kwaikwayi kukan ta macen, namiji ya taho da ɗokinsa yana zaton amarya ce, ashe ajali ne. Allah Sarki! Amma wannan ba shi ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna ita ce kibiyar kanta.

Maharbanmu na dauri sukan shafa wa kibiya dafi, ko ina ta taɓa dafin ya ƙarasa aiki. A can kuwa yawancin jihohi sun hana dafi, kaifin bakin kibiya ne kaɗai ke kisa, ta hanyar zubar jini. Idan ta shiga ta bayan kafaɗa ta huda huhu biyu, da wuya dabbar ta yi nisa, cikin ɗan lokaci ta faɗi. In kuwa ta kauce ta shiga tumbi, sai ta tafi da ciwon ta kwanta cikin duhuwa tana shan azaba awa da awanni, wani lokaci ma ba za a taɓa gano ta ba. Ba a ci naman ba, ba a bar ta da ranta ba. Kin ga a nan ai kuskure ya fi harbi a wutsiya nesa ba kusa ba, domin wanda ya kuskure kibiya kawai ya yi asara.

To yanzu ki sa kanki a matsayin mutumin. Ya biya ɗaruruwan daloli kuɗin lasin, ƙafafunsa sun yi kanta, gobe hutunsa zai ƙare. Sai ga elik ya tsaya, amma ya ɗan yi nisa, ko reshe ya kare ƙirjinsa, ko kuwa ya juyo yana fuskantarsa ta yadda ƙashi zai iya tare kibiya. Babu kowa a wurin, babu ma'aikacin gandun daji, babu mai ba da labari. Zuciya tana raya masa cewa bayan duk wannan wahala ai ya cancanci ya gwada sa'arsa. Nan ne fa nake ganin gaba ɗayan maganar take. Wahalar da ya sha tasa ce, shi ya ɗora wa kansa, dabba ba ta ci bashinsa ba balle ta biya da jikinta. Maharbin kirki a wurina shi ne wanda ya ja tsarkiya har kunne, ya duba ya ga babu tabbas, ya sassauta hannu a hankali ya bar naman ya wuce. Wannan sassautawar ta fi sakin kibiya wuya, kuma babu wanda zai yaba masa a kai.

Wata za ta ce, to me ya kai su kisan tun farko, mutanen da abinci ya yi wa yawa? Tambaya ce mai kyau, kuma tarihinsu ma ya goyi bayanta. Wajen shekarar 1900 kisan ba gaira ba dalili ya sa elik da a da ake lissafa su da miliyoyi sun koma ƙasa da 100,000. Har akwai masu kashe wannan ƙatuwar dabba don haƙoranta biyu kacal da ake kwalliya da su, su bar gawar ta ruɓe. Sai da aka kafa dokoki, aka kuma keɓe harajin bindigogi da harsashi a 1937, aka haɗa da kwari da baka a 1972, ana kashe kuɗin wajen kula da namun daji. Yau sun kai kimanin miliyan ɗaya. Sai dai uwargida, kafin mu kira su marasa imani mu tuna mu ma kullum da nama a tukunyarmu. Bambancin kawai namu yana zuwa ne a leda daga wajen mahauci, ba mu ga idon sa ko tunkiyar ba, shi ya sa ba ma jin komai idan ya kwana ya lalace muka juye a shara.

Shi kuwa mai baka, ko da harbinsa ya yi kyau, aiki yanzu ya fara. Zai zauna ya jira aƙalla rabin awa don kada ya firgita dabbar ta ƙara nisa, sannan ya bi ɗigon jini a kan ganye da duwatsu, wani lokaci da rarrafe. In ya same ta a nan zai feɗe, ya raba ta gida-gida, domin mota ba ta zuwa wurin. Nama zalla yakan kai kilo 90, kuma doka ta hana ya ɗauki ƙaho ya bar naman, laifi ne da ake hukunci a kai. Haka zai riƙa goyo a baya sawu uku ko huɗu, tafiyar kilomitoci, yana sauri kada zafin rana ya ɓata shi. A wasu sassan Montana da Wayomin kuma akwai beyar, wata ƙatuwar dabba mai farata da ke jiyo warin jini daga nesa. Shi ya sa yakan rataye sauran naman a bishiya nesa da inda ya zubar da kayan ciki, idan ya dawo ɗaukar sawu na biyu sai ya tsaya daga nesa ya yi ta gyaran murya da ƙarfi, ko wani ya riga shi zuwa.