Hukuncin Binciken Littafin Ciniki a Hayar da Ake Biya da Kaso

Tambaya: Malam, na kama shago a wani babban rukunin kantuna. Yarjejeniyarmu ita ce in biya naira miliyan 6 a shekara, kuma idan cinikina ya haura miliyan 120, in ƙara musu kashi 5 cikin 100 na abin da ya hau. Yanzu sun turo akanta zai duba littafina da na'urar POS. Ya halatta su leƙa mini asiri? Kuma akwai cinikin da nake karɓa ta asusun yarona ba na rubutawa.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Alhaji, sai mun duba hayar kafin binciken. Wannan tsari sananne ne a manyan kantunan Amurka. A mazhabarmu ta Malikiyya, haka ma wajen Shafi'awa da Hanafawa, sharaɗi ne a san kuɗin haya tun ranar ƙulla ta, kuma babu wanda ya san cinikin baɗi sai Allah. Amma an ruwaito daga Imam Ahmad halascin mutum ya ba da dabbarsa a yi aiki da ita a raba abin da ta samo, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka ƙarfafa wannan. A kan haka wasu malaman zamani suka halatta irin hayarku, duk da haɗa tsayayyen kuɗi da kaso ya fi tsananta saɓanin. Abin da na rinjayar: wanda bai shiga ba ya nemi haya yankakkiya, wanda ya riga ya sa hannu kamar kai ya cika alƙawari.

Binciken kuwa yana da asali. Bayan cin Khaibar a shekara ta 7 bayan hijira, Annabi (SAW) ya bar wa Yahudawa gonakin a kan rabin amfani, yana tura Abdullahi ɗan Rawaha ya ƙiyasta dabinon. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo cewa Yahudawan sun tara wa Abdullahi kayan adon matansu don ya sassauta, ya ƙi, ya kira wannan cin hanci haram. Duk wanda haƙƙinsa ke rataye da lissafin wani, yana da damar ganin lissafin. Tunda sharaɗin na cikin takarda, hana akanta shiga saɓa alƙawari ne.

Sai dai shi ma akantan amana ke wuyansa. Ciniki aka turo shi ya ƙirga. Inda kake saro kaya da ribar da kake ɗorawa ba huruminsa ba ne, kuma haramun ne ya kai wa maƙwabcin shagonka labari. Wajen ƙirga cinikin, a cire harajin VAT na kashi 7.5, don na gwamnati ne, a cire kayan da aka dawo da su. Cinikin bashi kuma a bi abin da kuka rubuta; in ba ku rubuta ba, ku zauna ku daidaita yanzu, kafin maganar ta kai ku gaban alƙali.

Maganar asusun yaronka ita ta fi damuna. Mai saye ya miƙo kati, ka ce na'ura ba sabis, ka karanto masa lambar yaro: wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna, ga ƙarya a kai, ga yaro da ka koya wa ha'inci. Ka tattara abin da ya shiga can tun farkon hayar, ka fitar da kasonsu ka biya, ko akanta ya gano ko bai gano ba.

Idan takarda ta ce kai za ka biya ladan akanta in an sami giɓi, babu laifi, matuƙar ainihin abin da aka kashe ne. Ƙarin da ake ɗorawa saboda jinkirin biya kuwa riba ce, ka nemi a soke shi. In sun zarge ka da ɓoye fiye da abin da takardu suka nuna, su za su kawo hujja, kai kuma rantsuwa ce a kanka.

Allah ne mafi sani.