Taliyar da Aka Kawo Zaure: Kyauta Ce ko Ciniki?

'Yan'uwana, idan kakar zaɓe ta kama a ƙasar Maska, babu zauren da ba ya yin baƙi. Samari suna bi gida-gida da takarda suna rubuta sunaye, mata kuwa su wuce har ciki, inda namiji ba ya shiga, ɗauke da atamfa da sabulu da taliya. Yawon kansa ba aibu ba ne. Mai neman shugabanci ya kamata ya tako ƙofarka, ya ji kukanka kan tsadar taki da wuyar kai masara kasuwar Funtua. Abin dubawa shi ne amsar da muke ba shi.

Shawarar da aka fi ji ita ce: karɓi kayansu, ranar zaɓe ka bi son ranka. Na daɗe ina juya wannan magana, har yanzu ba ta kwanta mini ba.

Dattawa za su tuna zaɓen gwamna na Disamba 1991, wanda Sa'idu Barda na NRC ya ka da Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP. A lokacin, layi ake yi a fili, kowa yana ganin inda kowa ya tsaya. Wanda ya ci kayan mutane ba shi da maɓoya. Yanzu a ɓoye ake dangwalawa, kuma wannan alheri ne, gama talaka ya huta da idon manya. Amma an yi sirrin nan domin mutum ya bi lamirinsa ba tare da tsoro ba, mu kuwa muna so mu mai da shi mafakar ƙarya.

Dubi wanda ake yi wa ƙaryar. Ba ɗan takara ba ne. Shi yana Katsina ko Abuja. Ɗan maƙwabcinka ne, wanda kuke gayya tare. Ka dube shi ka ce “an gama”, ya rubuta sunanka, yaranka suna tsaye suna ji. Bayan zaɓe shi za a tuhuma da ƙuri'un da ba su fito ba, kuma gobe zai zo aron fartanya.

Wani zai ce ai kuɗinmu ne suka dawo. Wataƙila. Sai dai mai bayarwa jari yake zubawa, kuma daga kuɗin asibiti da makaranta zai fanshe. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta ɗora laifi a kan mai ba da toshiya da mai karɓa duka.

Ba na auna gwauruwar da 'ya'yanta suka kwana da yunwa da mudu ɗaya da mai rumbu cike. Yunwa tana rage nauyin laifi. Mai rumbun kuwa yana da hanyar gwaji mai sauƙi: ya ba baƙon tabarma da ruwa, ya saurare shi har ƙarshe, sa'an nan ya faɗa masa a fili cewa bai yi alkawari ba. In an bar masa taliyar duk da haka, kyauta ce. In an mai da ita cikin buhu, ya san abin da aka zo saye.