Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Ga wata tambaya da ya kamata kowane ɗan makaranta ya tsaya ya auna: in gari ya bunƙasa farat ɗaya, sa'an nan ya koma kufai, ƙaddara ce kaɗai, ko kuwa tun farko ginin ne ba shi da tushe?

A ƙasar Amurka akwai garuruwan da aka kafa cikin kurmi saboda injin yanka katako. Muddin da itace, da kasuwa. Ran da aka sare na ƙarshe sai a kwance inji, kowa ya kama gabansa. To, ba sai mun haye teku ba, mu ma muna da misali, watau Baro.

Baro ƙauye ne a bakin Kwara, cikin ƙasar Nufe. Zamanin Gwamna Girouard, wanda ya zo a 1907, aka zaɓe shi ya zama mafarin hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano. Jiragen ruwa suka yi ta sauke ƙarafa, leburori da akawuna da 'yan tireda suka cika gari. A 1911 dogo ya iso Kano. Amma fa da aka haɗa hanyar da ta Ikko a Minna, aka kuma gama gadar Jebba, sai kaya suka riƙa zarcewa bakin teku. Ga shi kuwa Kwara ba ta ɗaukar manyan jirage sai lokacin cikowa. Sannu a hankali Baro ya yi ta ja da baya, har jirgin ƙasa ya daina zuwa.

Yanzu mu dubi Kano. Dogon nan shi ya kawo mata cinikin gyada tun daga 1912, har aka riƙa tara buhuna dala-dala. Bayan farin 1973 da cutar gyada ta 1975 dalolin suka ɓace, amma birni bai mutu ba. Me ya sa? Domin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi take ci, ga marina, ga majema, ga maƙera, ga malamai. Gyada baƙuwa ce. Da ta tafi, masu gida suna nan.

Ba mu ce mutanen Baro sun yi laifi ba, gama ba da shawararsu aka kawo dogo ba, ba kuma da ita aka janye shi ba. Amma aibin ke nan: arzikin da wani ya rataya maka, shi ke da ikon saukewa.

Saboda haka, ya ku 'yan makaranta, kada takardar shaida ta sa ku raina sana'ar iyayenku. Aikin ofis yana da kyau, amma mai ɗauka shi ne mai sallama. Ku haɗa ilmi da sana'ar hannu, gama guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya sa mu gane, amin.