Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi: Nasiha ga Malamin da Aka Damƙa wa Wasan Kwaikwayon Makaranta

 

Na ji an ce an damƙa maka ɗaliban lise ka shirya su su yi wasan kwaikwayo a bana, kuma abin ya tsaya maka a rai domin ba ka taɓa yi ba. Ko a Madawa kake koyarwa, ko Buza, ko Keita, matso kusa ka ji. Na daɗe da alli a hannu, na kuma ga abin da dandali yake yi wa yaro. Na ga yarinyar da ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi a aji, bayan wata uku ta tsaya gaban jama'ar gari tana magana, dattawa suna gyaɗa kai. Amana aka ba ka, ka riƙe ta hannu biyu.

Da farko ka sani, gado ne ka tarar. Yaranmu suna tashe cikin watan azumi tun kaka da kakanni, ƴan kama suna ba da dariya a kasuwa, mutanen Damagaram kuma suna da wasan kara, inda talaka yake kwaikwayon sarki da gwamna. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyar matasa ta samariya ta ɗauki teyatur, wato wasan kwaikwayo, da daraja, jihohi suna gasa a bikin matasa na ƙasa. Yazi Dogo, wanda ya sa Nijar duka dariya da tunani ta rediyo da talabijin, malamin makaranta ne kamarka. A Najeriya ma, Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a kwalejin Kaduna ya fara rubuta wasanni yana sukar zalunci da yaudara. Ashe malamai da ɗalibai ne suka daɗe suna riƙe da wannan sana'a. Don haka cire tsoro.

To, wane labari za ku yi? Nan ne mafi yawa suke tuntuɓe. Ranar da ka tambayi yara, za su kawo maka abin da suka kalla a waya: attajiri mai gidan bene, da saurayi da budurwa suna rawa a lambu. Kada ka yi musu tsawa, amma ka tuna musu zanen aro ba ya rufe katara. Ba kowa littafi da alƙalami, ka sallame su mako biyu su je su saurari mutanensu.

Ɗan Keita ya zauna gaban kakarsa. Bayan yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa El-Buhari, aikin raya karkara na Keita ya kankama da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO. Maza da yawa sun tafi biɗa, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka haƙa ramuka a jikin tsauni, suka dasa itatuwa, ana biyan su da abinci. Wasu cikinsu suna nan da ransu. Ya tambayi kakar tasa wa ya riƙe mata goyo ranar da ta fara fita, me surukarta ta ce, me mijinta ya tarar da ya dawo. Ɗan Buza ya gangara kwarin Majiya, inda tun 1975 aka fara jera dogon yaro layi-layi don kare gonaki daga iska, ya ji yadda manomi ya yarda aka ci masa gefen gona da itace, da irin gardamar da aka sha kan wa ke da ikon sara. Ɗan Madawa ya je wurin manoman albasa ya ji zafin bashin da aka ci da rani, da faɗuwar farashi ranar da kowa ya kwashe, da abin da ke shiga tsakanin manomi da dillali. Ya zauna da masu saƙar tabarma. Kuma a kowane aji akwai yaron da ubansa yake Abijan ko Libiya shekara da shekaru, sai dai murya a waya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan su ne labaran da in an yi su, ɗan kallo zai ce: wallahi gidanmu ne.

In sun dawo, ku zaɓi labari ɗaya tak. Ka yi musu tambaya uku: wa ke son wani abu, wa ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba? Labarin da ya kasa amsa waɗannan hira ce kawai, ba ta riƙe mutane a zaune. Daga nan ku yanka shi fitowa-fitowa, shida ko bakwai sun isa, ku rubuta ƙashin bayan kowace a layi biyu. Kada ka zauna kai kaɗai cikin dare ka rubuta musu magana su haddace. Ka bi hanyar magabatanmu na teyatur a Nijar, waɗanda suke tsara labari tare, sannan kowa ya shiga rigar wanda yake kwaikwayo ya yi magana daga cikinsa. Yara biyu su tashi su gwada, biyu su zauna da littafi suna kama duk kalmar da ta faɗa daidai. Gobe a sake, a zubar da tsakuwa a bar tsaba. Haka rubutu zai fito da gumin kowa a jikinsa.

Ka bar su da harshen gidansu. In tsohon Adar ya ce "mi kake so" ko "shina tahowa", kada ka gyara masa zuwa Hausar Kano, domin daɗin yana nan. Wanda ya fito a ma'aikaci ya surka da Faransanci yadda ma'aikata suke yi, mai fassara ya sha wahala tsakani, jama'a za su gane kansu. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, to ya kamata ɗalibanka su iya rubuta ta da ƙa'ida, da ƙugiyoyinta duka.

Abu biyu nake gargaɗinka a kansu. Kada ka sa wani ya fito a ƙarshe ya tsaya yana wa'azi, yana faɗa wa mutane darasin wasa. Gani ya kori ji. In sun ga yarinyar da aka cire daga makaranta tana leƙen ƴan ajinsu ta kan danga, ba sa buƙatar bayani. Na biyu, ku canza sunaye, ku ɓad da kama. Garuruwanmu ƙanana ne, kowa ya san kowa. Bahaushe da Buzu da Bafillace kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha, kada dariyar dare ɗaya ta bar ƙulli na shekara.

Sai horon ƴan wasa. Fara da murya. Kai su fili, ka ja baya taki talatin, kowa ya faɗi magana ɗaya har ka ji ta sarai ba tare da ya yi ihu ba. Numfashi daga ciki yake tasowa, mai magana daga maƙoshi ba ya kai rabin wasa. Koya musu kada su ba jama'a baya, kada biyu su yi magana lokaci guda, in an fashe da dariya su dakata ta lafa. Wanda zai fito a tsoho ya je ya kalli yadda tsoho yake dafa gwiwa kafin ya miƙe, farin gari a gemu kaɗai ba ya tsufar da mutum. Mafi wuya kuwa shi ne sauraro: yaro ya ji abin da abokinsa ya faɗa kamar yau ya fara jin sa.

Wajen rabon matsayi, kada ka tsaya kan masu ƙoƙarin aji. Sau da yawa na bayan aji, mai surutun nan da ya dame ka, shi ne gwanin. Kowane babban matsayi ka ba mutum biyu, domin zazzaɓi da tafiya ba sa sallama. Kuma ka tausasa harshe. Ni na taɓa kushe wani yaro mai in'ina gaban ƴan uwansa don ya ɓata mana lokaci. Bai sake dawowa ba, kuma har yau in na tuna shi sai na nemi gafarar Allah. Kada ka ɗauki irin wannan kaya.

Game da ƴan mata, taka da ƙafarka ka je gidajensu, tare da wata malama, ka gaya wa iyaye labarin wasan tun daga farko har ƙarshe. A yi gwaji da rana, a fili, ƙofa buɗe. In an kira la'asar a tsaya a yi salla, kafin magariba kowa yana gida. Uban da ya ga tsari zai ba ka ɗiyarsa da zuciya ɗaya.

Kayan dandali kuwa, kada ka aza wa iyaye kuɗi. Tabarmin Madawa da zana biyu sun isa su zama gida, turmi da ƙwarya su nuna tsakar gida, buhu uku na albasa su zama kasuwa. Ka duba inda rana take faɗuwa don kada ta haske wa ƴan kallo ido, ka ɗaure zana da kyau saboda iska, ka tanadi fitilu masu cajin rana da batir na lasifika, domin wuta tana iya ɗaukewa ana tsakiyar wasa. Ka naɗa masu kaya, da mai riƙe rubutu a bayan zana, da mai kiɗa, ka kuma faɗi sunayensu gaban jama'a kamar na sauran. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yara su koyi wannan tun yanzu.

Ku fara da shigowar sanyi, sau biyu a mako, ku nufi ƙarshen watan Maris. Ranar 27 ga watan ita ce ranar wasan kwaikwayo ta duniya, kuma bayanta zafi yake tsananta, hankalin ƴan jarrabawa ya koma kan BAC. Ka duba inda azumi ya faɗo a shekarar. Ku yi cikakken gwaji sau biyu a wurin da za a yi wasan, da tufafi da kaya duka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar wasa, ka shimfiɗa tabarmar gaba ga tsofaffin da suka ba da labarinsu. Kai kuma ka koma can baya ka tsaya, ka bar yara da dandalinsu. In an tashi, ka tara su ka yaba wa kowa da sunansa, sannan ka sa a kwafe rubutun da kyau a ajiye a makaranta, ƙannensu su tarar.

Allah ya ba ka haƙuri da basira, ya shirya mana zuriya, ya sa yaran nan su zama masu faɗar gaskiya da ladabi a duk inda suka tsaya. Amin. Ka huta lafiya, ɗana.