Memori, Harji da Tambayar Amana

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Wayar mutum ta koma ba ta da abin yi sai kunna abin da ke cikin memorinta: karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi, wa'azin da mai turi ya zuba masa a shagon caji. Alhali memori abu ne mai mantuwa. Bayani yana zaune cikinsa ne a matsayin cajin lantarki a ƙananan gurabu. Cajin yana zurarewa a hankali, zafi yana ƙara masa sauri, kowace gogewa da sake rubutu kuma tana cin jikin gurbin. Dalilin da ya sa aya ba ta isowa kunne a gurɓace shi ne, ana ajiye kowane gungun bayani tare da ƙarin lambobi da aka lissafo daga gare shi. In wani abu ya sauya, lissafin ya ƙi daidaita, a gano wurin, a gyara. Richard Hamming ne ya wallafa tushen dabarar a 1950.

A ganina, abin da ake ba amana shi ne wanda aka tanadar wa hanyar kama kuskurensa, domin wanda ba ya kuskure sam babu shi cikin halitta. Tsangaya ta daɗe da sanin haka. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka bai tsaya ga hadda ba, yana riƙe da harji: kalma kaza sau nawa ta zo da siga kaza, kuma a ina. In ƙirgen ya saɓa, alƙalami ya zame ke nan. Tun bayan yaƙin Yamama, a zamanin Sayyidina Abubakar, Zaidu ɗan Sabit bai wadatu da haddarsa ba wurin tattara Alƙur'ani, sai da ya nemi rubutu da shaidu.

Wani zai ce ai Allah ne Ya ɗauki alkawarin tsare Littafinsa, kawo zancen na'ura a nan rashin ladabi ne. Ba a haɗa wahayi da na'ura ba. Magana ake kan ɗan Adam da ke ɗauke da shi, kuma alkawarin ta hannun mahaddata da marubuta ya cika, su ne sababi. Wani kuma zai juya zancen, ya ce tunda na'ura na gyara kanta, wahalar hadda ta ƙare. Nan ne ya fi kauce hanya. Lissafin yana da iyakar kurakuran da zai iya gyarawa, in memori ya tsufa suka zarce, fayil ya tafi. Sannan bai san gaskiya ba, abin da aka rubuta kawai ya sani. In makaranci ya tsallake aya tun wurin ɗaukar murya, ko an jingina wa Annabi (SAW) maganar da bai faɗa ba, haka memori zai tsare ta tsaf, ana ta tura wa juna daga kasuwar Sheme har ƙauyukan Sabuwa, sai ranar da ta faɗa kunnen wanda ya yi karatu gaban malami.